Shin da gaske ne guguwar da ke afka wa Amurka daga wajenmu take tasowa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Damagaram. Kowace shekara idan damina ta yi tsakiya sai in ji gidajen rediyo suna ta labarin mahaukaciyar guguwa a Amurka da tsibiran da ke kusa da ita, har da sunaye irin na mutane, wai Katrina, wai Mariya. Wani malaminmu ya ce daga Afirka take tasowa. Da gaske ne? In haka ne, me ya sa mu ba ta taɓa mu? Kuma a tarihi wace ce ta fi muni?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Malaminku bai yi kuskure ba. Abu uku kake son sani: inda guguwar ke samo asali, wadda ta fi ɓarna a tarihi, da dalilin da ya sa take tsallake mu. Na yi shekaru ina aikin auna yanayi a tashar wani filin jirgin sama kafin in koma aji, saboda haka farkon labarin na gan shi da idona. Ƙarshensa kuwa, wato guguwar kanta, ban taɓa tsayawa cikinta ba. A hotunan tauraron ɗan'adam da rahotannin masu bibiyarta na san ta.

Mu fara daidaita kalma. In an ce guguwa, abin da ke zuwa ran Bahaushe shi ne wadda ke tashi da rana tsaka a bazara, tana juyi tana kwasar leda da ƙaiƙayi, minti kaɗan ta mutu. Wadda kake ji a rediyo wata aba ce daban. Faɗinta kan kai kilomita 500, kamar daga Kano zuwa Maiduguri, kuma tana iya yin mako biyu a raye. A kan teku ake haifarta, ɗumin ruwan teku ne abincinta. Sai zafin saman ruwan ya kai wajen digiri 26.5 take samun tururin da zai riƙe ta. Tururin ya tashi sama ya zama girgije, ya saki zafin da ya ɗauko, iska ta ƙara tashi, wata ta kwararo daga gefe don cike gurbin, juyawar duniya kuma ta murɗa ta. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna. Idan ya kai 119 ta zama cikakkiyar mahaukaciyar guguwa. Daga nan akwai mataki biyar a ma'aunin da injiniya Herbert Saffir da masanin yanayi Robert Simpson suka tsara a farkon shekarun 1970. Mataki na uku yana farawa daga kilomita 178 a awa, na biyar daga 252.

Daga hadarin gabas zuwa tekun Atlantika

Ka san yadda hadarin damina ke zuwa mana. Da la'asar iska ta ɗauke cak, zafi ya dame kowa, gabas ta yi baƙi ƙirin. Can sai ka hango jan bangon ƙura yana tahowa, mata na rige-rigen kwashe shanya, awaki na neman gindin katanga. A tasharmu, lokacin nan idona na kan na'urori biyu. Ma'aunin zafi kan faɗi da digiri da yawa cikin 'yan mintoci, alƙalamin da ke zana nauyin iska a kan takarda kuma ya yi wani ɗan tsalle sama. Bayan awa ɗaya ko biyu an ɗauke, kowa ya ce hadari ya wuce. To, ina ya tafi? Washegari in na buɗe hoton tauraron ɗan'adam sai in gan shi, ko wanda ya gaje shi, a kan Burkina Faso ko Mali. Bayan kwana biyu ko uku yana bakin teku ta wajen Senegal da Gini.

Abin da ke ɗauke da shi wani kogin iska ne da ke sama da mu, wajen kilomita uku zuwa huɗu daga ƙasa, yana gudu daga gabas zuwa yamma. Bambancin zafin Sahara da sanyin iskar da ke shigowa daga tekun Gini ne ke haifar da shi. Kogin nan ba miƙe yake tafiya ba, yana lanƙwasa kamar maciji, kuma kowace lanƙwasa tana tara hadari. Duk kwana uku zuwa biyar ɗaya ke wucewa, kimanin 60 a shekara. Da yawansu daga tsaunukan Habasha da Darfur suke farawa, su ƙara ƙarfi a kan tsaunukan Azbin da tudun Jos. Shi ya sa manomi ke lura cewa a tsakiyar damina ruwan kan zo ne bayan 'yan kwanaki, ya huta, ya sake dawowa.

Mafi yawan waɗannan lanƙwasoshi in sun fita teku watsewa suke yi. Kaɗan ne ke tarar da ruwa mai ɗumi da iska mai laima su fara juyi. Amma kaɗan ɗin nan su ne manya: ƙididdigar masana ta nuna kusan kashi 85 cikin ɗari na guguwowin Atlantika masu mataki na uku zuwa sama daga irin wannan hadari na Afirka suka fito. Waɗanda suka haɗu kusa da tsibiran Cape Verde, da ke cikin teku yamma da Senegal, su ne aka fi tsoro, domin suna da tafiyar kusan mako guda a kan ruwa mai ɗumi kafin su isa tsibiran Karibiyan. Hugo ta 1989 da Irma ta 2017 duk ta wannan hanya suka bi. Wannan ne dalilin da ya sa lokacin guguwa can ya yi daidai da daminarmu. A hukumance yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ƙololuwarsa wajen 10 ga Satumba, lokacin da gero ke nuna a gonakinmu.

Sahara tana bayarwa da hannu ɗaya tana karɓa da ɗaya. Busasshiyar iska mai ƙura da take hurawa kan teku a watannin Yuni da Yuli tana shaƙe hadari kafin ya girma. Kada ka haɗa ta da hazon hunturu, wannan ta sama take bi kuma lokacinta daban.

Akwai wani abu da ya daɗe yana taɓa zuciyata a wannan fanni. A 1990 wani masani na Jami'ar Jihar Colorado, William Gray, ya wallafa bincike da ya nuna cewa a shekarun da yammacin Sahel ya samu ruwa sosai, daga 1947 zuwa 1969, manyan guguwowi sun yawaita a gaɓar gabashin Amurka, sannan daga 1970 zuwa 1987 suka ragu ƙwarai. Ka duba waɗannan shekaru na biyu. Su ne na farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, mutanen ƙauye suka cika birane neman abinci. A daidai lokacin ne mutanen Florida suka samu sauƙi, suka yi ta gine-gine a bakin teku. Daga baya an gane cewa ba daminarmu kaɗai ke juya al'amarin ba: ɗumin arewacin Atlantika ne ke taɓa su biyun tare, kuma tun daga tsakiyar shekarun 1990 alaƙar ba ta fitowa sarai kamar da. Duk da haka masu bincike ba su daina zuwa ba. An yi babban gwaji a Dakar a 1974, kuma a 2006 an kafa na'urar hangen hadari a Yamai don bin wannan hadari tun daga tushensa.

Wace ce ta fi muni?

Ya danganta da abin da kake aunawa. In rayuka ne, a Atlantika babu kamar ta watan Oktoban 1780, wadda ta bi ta tsibiran Barbados da Martinique da Sint Eustatius na Karibiyan ta kashe kimanin mutum 22,000, ta nutsar da jiragen yaƙin Ingila da Faransa. Da yawa daga cikin mamatan bayi ne 'yan asalin Afirka da ke aiki a gonakin rake. A lokacin babu mai sanar da kowa komai. Sai dai masunci ya ga igiyar ruwa ta canja, ya ga wani siririn girgije a sama, ya yi zato.

Wanda ya fara mayar da wannan zato ilimi shi ne wani limamin coci a Habana ta ƙasar Kyuba, Benito Viñes. Ya yi shekaru yana lura da tafiyar girgije da nauyin iska, kuma a 1875 ya fara buga gargaɗi a jarida kafin guguwa ta iso. Almajiransa sun gaji wannan ƙwarewa. Abin takaici shi ne a Satumban 1900, da wata guguwa ta ratsa Kyuba, masanan can sun ga alamar za ta ci gaba cikin tekun Meksiko, amma hukumar yanayi ta Amurka ta riga ta toshe hanyar aika gargaɗinsu ta waya, ita kuma tana ganin guguwar za ta karkata ta wajen Florida. Ran 8 ga Satumba ta faɗa wa Galveston a Texas. Garin yana kan tsibirin yashi ne, inda ya fi tudu bai kai mita uku ba, teku kuma ta taso sama da mita huɗu da rabi. An rasa tsakanin mutum 6,000 da 12,000, a garin da mazaunansa ba su kai 40,000 ba. Har yau babu wani bala'i irin na yanayi da ya ci rayuka haka a Amurka. Bayan nan suka gina katangar teku mai tsayin mita biyar, suka ɗaga gidaje suka zuba yashi a ƙarƙashinsu. Da wata babba ta dawo a 1915, garin ya tsaya.

Ka lura da abin da ya kashe mutanen Galveston: ruwa ne. A nan nake son ka daɗe, domin rediyo ta fi son faɗin gudun iska, alhali wani bincike na cibiyar lura da guguwa ta Amurka, wanda ya duba shekarun 1963 zuwa 2012, ya gano kusan tara cikin kowane mutum goma da guguwa ta kashe kai tsaye a ƙasar ruwa ne ajalinsu. Kimanin rabi tasowar teku ce, wato ruwan da iska ke turowa gabanta ya hau tudu. Saura kuwa ambaliyar ruwan sama ce da haɗarin teku.

Mitch ta 1998 ita ce misalin da nake ba ɗalibaina. A kan teku ta kai mataki na biyar. Da ta iso gaɓar Honduras a ƙarshen Oktoba ta riga ta sauko mataki na ɗaya, wanda ya ji haka zai ce an tsira. Amma sai ta yi ta jan ƙafa a kan tsaunuka tana zuba ruwa kwana da kwanaki. Koguna suka ɓalle, gadoji suka tafi, a Nikaraguwa gefen dutsen Casita ya zaftare ya binne ƙauyuka da mutum sama da 2,000. Jimillar mamata ta haura 11,000, mafi yawansu talakawa da suka yi gida a bakin kogi ko a jikin tudu saboda nan ne kawai suka samu fili.

Katrina da ka ambata ma haka ne. Ran 29 ga Agustan 2005 ta shigo Louisiana a mataki na uku. Abin da ya halaka New Orleans shi ne madatsun da aka gina don kare birnin sun karye, birnin kuma wani sashensa yana ƙasa da teku, kamar kwano. Kashi 80 cikin ɗari na garin ya nutse. An daɗe ana cewa mutum 1,833 suka mutu, a 2023 hukuma ta sake lissafi ta ce 1,392. An ba da umarnin barin gari, amma wanda ba shi da mota, ko tsohuwar da ke kwance, ina za su? Mariya ta 2017 kuma ta nuna wata fuskar. Ta lalata wutar lantarkin Puerto Rico gaba ɗaya, wasu yankuna suka yi watanni cikin duhu, masu ciwon suga da na ƙoda suka rasa magani da na'ura. Da farko gwamnati ta ce mutum 64 ne, daga baya ta amince da 2,975. A shekarar ce Harvey ta tsaya kan Texas ta zuba milimita 1,539 a wuri guda cikin 'yan kwanaki, kusan ruwan damina uku na Yamai.

In ƙarfi zalla kake tambaya, ana auna shi da yadda nauyin iska ya faɗi a tsakiyar guguwar. A bakin teku, a ranar da babu komai, wajen miliba 1,013 ne (miliba shi ne ma'aunin nauyin iska). Ta 1935 da ta afka wa tsibiran kudancin Florida ta sauko 892, Gilbert ta 1988 ta kai 888, Wilma ta 2005 ta kai 882, wadda ita ce mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a Atlantika. Ni da na saba ganin alƙalamin na'urata yana motsi da miliba biyu ko uku, waɗannan lambobi suna sa ni yin shiru.

Duk wannan a Atlantika ne. A duniya baki ɗaya, wadda ta fi kisa ita ce ta Nuwamban 1970 a gabashin Pakistan, inda yanzu ake kira Bangladesh. Aƙalla mutum 300,000 ta ci a dare ɗaya. Ƙasar ta gina dubban mafaka masu tsayi ta horar da masu shela ƙauye-ƙauye, kuma manyan guguwowin da suka zo a 'yan shekarun nan ba su kusanci wannan adadi ba.

Shekara mai yawa da shekara mai muni

A matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020, Atlantika kan samu guguwa 14 masu suna, bakwai su zama cikakku, uku su zama manya. A 2005 an samu 28 har sunaye suka ƙare aka koma haruffan Girka. A 2020 an samu 30, biyu daga ciki, Eta da Iota, suka faɗa kusan wuri ɗaya a Nikaraguwa mako biyu tsakani. A 1983 kuwa huɗu kacal aka samu, saboda ɗumamar tekun Pasifik da ake kira El Nino, wadda ke haifar da iska mai ƙarfi a sama da ke yanke kan guguwa kafin ta miƙe.

Mukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a wannan fanni maganar ba ta cika aiki ba. A 1992 an kai tsakiyar Agusta ba a raɗa suna ko ɗaya ba, duk shekarar ma shida aka yi. Ta farkon ita ce Andrew, wadda ta baro gaɓar Afirka ran 14 ga Agusta, ta isa kudancin Florida ran 24 a mataki na biyar, ta rushe gidaje dubbai. A 2010 kuma an samu 19, goma sha biyu cikakku, amma ko ɗaya daga cikin cikakkun ba ta sauka a Amurka ba, ko da yake Meksiko da Haiti sun ji jiki. Hasashen da ake fitarwa kafin kowace kaka, wanda Gray ya fara a 1984, yana iya faɗin ko shekarar za ta cika ko ba za ta cika ba. Ba ya iya faɗin garin da za a faɗa wa.

Kuma ka yi hattara in ana kwatanta yau da zamanin da. Sai a 1943 wani matuƙin soja, Joseph Duckworth, ya fara shiga cikin guguwa da jirgi da gangan, kuma sai a 1960 aka harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton girgije. Kafin nan guguwar da ta yi rayuwarta a tsakiyar teku ba ta gamu da jirgin ruwa ba, babu wanda ya rubuta ta. Saboda haka ba na yarda da wanda ya ɗauko adadin 1914, da aka san guda ɗaya tak, ya jera shi da na 2020. Abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa shi ne teku ta ƙara ɗumi, ta ƙara tsayi, kuma duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari, wato ƙarin ruwan sama. Hasashen hanyar guguwa ya inganta sosai, kuskuren hasashen kwana uku ya ragu da fiye da rabi tun 1990. Inda har yanzu ake shan wuya shi ne guguwar da ke ƙara ƙarfi farat ɗaya, kamar Wilma da ta tashi daga ƙaramar guguwa zuwa mataki na biyar cikin awa 24.

Batun sunaye gajere ne. Da can mutanen tsibiran da ke magana da Sifaniyanci suna kiran guguwa da sunan waliyyin ranar da ta zo, shi ya sa Puerto Rico ke da San Felipe biyu, ta 1876 da ta 1928, duk ran 13 ga Satumba. A 1953 Amurka ta fara amfani da sunayen mata, a 1979 aka haɗa da na maza. Yanzu Hukumar Yanayi ta Duniya ce ke riƙe da jeri shida masu suna 21 kowanne, suna zagayowa duk shekara shida. Wadda ta yi mummunar ɓarna akan cire sunanta har abada. Ba za a sake yin Katrina ko Mitch ko Mariya ba.

Me ya sa take tsallake mu?

Damagaram da Kano sun yi nisa da teku, kuma guguwar nan da ta hau tudu ta rabu da abincinta, mutuwa take farawa. Legas da Kwatano da Akara kuwa abu uku ne ke kare su. Iskar da ke ɗauke da hadarin yamma take nufa, saboda haka duk abin da ya haɗu baya yake ba mu. Sannan tekun Gini ya yi kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda murɗawar da juyawar duniya ke yi ba ta da ƙarfin da za ta sa hadari juyi. Cikin digiri biyar na taswira (wajen kilomita 550) daga layin nan da wuya guguwa ta haɗu. Na uku, a watannin Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku a wannan gaɓa, daidai lokacin da ake buƙatar ɗumi.

Amma kada ka ɗauka Afirka duka ta tsira. A Maris na 2019 Idai ta taso daga tekun Indiya ta afka wa birnin Beira, ta kashe sama da mutum 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi. Freddy ta 2023 ta yi kwana 36 a raye, babu wadda aka taɓa gani ta daɗe haka, kuma Malawi ce ta fi rasa rayuka, yawanci ta zaftarewar ƙasa. A namu ɓangaren ma an taɓa gani. A ƙarshen Agustan 2015 wani hadari ya fita daga gaɓar Gini, bai jira ya yi nisa ba ya fara juyi, aka sa masa suna Fred. Ran 31 ga wata ya ratsa tsibiran Cape Verde a matsayin cikakkiyar guguwa, karon farko tun 1892, igiyar ruwansa kuma ta kai har gaɓar Senegal inda ta lalata jiragen masunta da gidajen bakin teku.